Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a jirgi? Zan kai Hajiyarmu Umara

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya yarda, wata mai kamawa zan raka mahaifiyata Umara, kuma ni da ita ba wanda ya taɓa hawa jirgin sama. Shekarunta 71, tana fama da ciwon suga da na gwiwa. A tikitinmu an rubuta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarfe 11 na dare, sauka Jidda ƙarfe 6:30 na safe. Wato awa bakwai da rabi ke nan tana zaune? Wani maƙwabcinmu ya rantse mini awa huɗu da rabi ya yi. Hajiya ko motar Zariya ba ta jure wa sai mun tsaya a hanya ta miƙe ƙafa, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Abban Sadiya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, agogo ne ya ruɗa ka. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, kuma kowane lokaci da ke jikin tikiti na garin ne. Shida da rabi a Jidda, huɗu da rabi ce a Kano. Ka ga zaman naku awa biyar da rabi ne. Maƙwabcin naka ma bai yi ƙarya ba: tsakanin Kano da Jidda kimanin kilomita 3,400 ne in aka miƙe ta saman Chadi da Sudan a tsallaka Bahar Maliya, kuma a da haka ake bi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye.

Maman Ilham:
Ɗana, ka gode wa Allah da ka samu mai tafiya kai tsaye. Bara ta Alƙahira muka bi da yayata saboda sauƙin kuɗi, jiran jirgi na biyu kaɗai ya ci mana awa shida a kan kujerar ƙarfe, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ka nema wa Hajiya kujerar bakin hanya don ta riƙa tashi tana ɗan takawa. Maganinta da dabino su zauna a jakar hannu, kar ka kuskura ka sa su a akwatin awo. Keken guragu kuma tun wajen mai tikiti za ka ce a rubuta mata.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, Mama. To maganar harami fa?

Abban Sadiya:
Tunda Makka za ku wuce kai tsaye, a sama za ku ratsa miƙati. Kai ka ɗaura naka tun a Kano, ya fi sauƙi a kan kokawa da zane a ɗan banɗakin jirgi, sai ku yi niyya idan an sanar. Ka kuma ƙara lissafin layin biza da jiran kaya, sannan ga kusan kilomita 100 daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz zuwa Harami. In gwiwar ta matsa mata, ku hau jirgin ƙasan Haramain, daga cikin filin yake tashi.