Neman shawara: shekara biyu ina hawan igiyar ruwa amma har yanzu ban iya karanta teku ba

Autan Gwarinpa:
Assalamu alaikum, manya da ƙanana na wannan zaure. Ina roƙon ku yi haƙuri da tsawon bayanina, domin al'amarin ya daɗe yana cin raina. Na fara sha'awar hawan igiyar ruwa ne a 2021, lokacin da aka sa wasan a gasar Olamfik ta Tokiyo karo na farko, na kuma kalli yadda allon Italo Ferreira na Barazil ya karye a farkon zagayen ƙarshe, ya karɓi wani, ya ci zinare. Daga baya na yi hidimar ƙasa a Legas, inda wani abokin aiki ya kai ni Tarkwa Bay, wani bakin teku da ke kusa da mashigar tashar jiragen ruwa, a kwale-kwale, kuma a ranar na tsaya a kan allo na kamar sakan uku a cikin kumfa, wato farin ruwan da igiya ke bari bayan ta karye, inda masu koyo ke farawa. Bayan hidimar na samu aiki a Abuja, wanda ban iya ƙi ba saboda ni ne ke ɗauke da kuɗin makarantar ƙannena biyu na wajen kawu. Hajiyarmu kuma har gobe ba ta san ina shiga teku ba, tana zaton taron ofis ne ke kai ni Legas, kuma wannan ma wani nauyi ne da nake ɗauke da shi. Duk bayan wata uku nake tara kuɗin jirgi in je in yi kwana biyu, har na sayi allon kaina na bar shi a hannun abokin nawa.

Matsalar ita ce ban san igiyar da zan bi ba. Wadda na zaɓa sai ta wuce ta ƙarƙashina ta bar ni ina ta tuƙi da hannu, wadda na ƙyale kuma sai in ga yaro ɗan shekara goma sha biyu ya hau ta har bakin gaɓa. A zuwana na ƙarshe wata ta rufto mini gaba ɗaya, allon ya doke ni a haɓa, na fito da yashi har cikin kunnuwa. Shin akwai hanyar da mutum zai koyi karanta igiyar ruwa alhali yana zaune a garin da babu teku? Saura mako biyar in koma, kuma ina tsoron in sake asarar kuɗina.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, abin da ke damunka ba shi da wani sirri, lissafi ne, kuma na shekara shida ina aiki a bakin teku kafin a dawo da ni Abuja, saboda haka ka saurara da kyau. Kuskurenka na farko shi ne kana kallon igiya ɗaya, alhali igiyoyi a ayari suke zuwa: ruwa ya lafa na ɗan lokaci, sannan uku ko huɗu ko biyar su biyo juna, sannan ya sake lafawa. Idan ka isa gaɓa kada ka taɓa ruwa sai ka yi minti ashirin a zaune da agogo a hannu. Ka ƙirga sakan nawa ne tsakanin igiya da mai bi mata, ka ƙirga igiyoyi nawa ne a ayari, ka kuma ƙirga minti nawa ayari ke ɗauka kafin wani ya iso.

Wannan tazarar ta fi tsayin igiyar muhimmanci, ko da yake masu koyo tsayi kawai suke tambaya. Idan tazarar sakan 6 ce, iskar kusa ce ta tayar da ruwan, igiyoyin za su zo a hargitse ba ƙarfi, kuma tsakanin tozon ɗaya da na gaba a ruwa mai zurfi bai wuce mita 56 ba. Idan kuwa sakan 12 ce, daga nesa ta taso, daga guguwar kudancin Atilantika, tsakaninsu ya kai mita 225, ta zo a jere da ƙarfin da zai ɗauke ka. Igiya tana fara jin ƙasa ne idan zurfin ruwa ya kai rabin wannan tsawon, sai gindinta ya rage gudu, ta miƙe, ta karye a inda zurfin ya kai kamar tsayinta da sulusi. Wato igiya mai mita 1 tana karyewa a ruwa mai zurfin kusan mita 1.3. Wanda ya gane wannan ya san cewa ƙasan teku ne ke zaɓar inda igiya za ta karye, shi ya sa take maimaita wuri ɗaya.

Sannan ka nemi tozo, wato wurin da ya fi tudu kuma ya fi duhu a jikin igiyar da ke tahowa, domin daga nan take fara karyewa. Idan ka ga kafaɗa ta gangara daga tozon zuwa gefe guda, can za ka nufa. Idan kuwa samanta a miƙe yake daga wannan gefe zuwa wancan kamar katangar makaranta, ka ƙyale ta, domin lokaci ɗaya za ta rushe, kuma ina da yaƙinin irinta ce ta fasa maka haɓa.

Maman Ummi:
Auta, ni ban san komai game da allo ba, amma ka yi ta bayanin Hajiya da kuɗin makaranta ba ka gaya mana ko ka iya iyo sosai ba. Ina tambaya ne saboda ƙanena ya taɓa bin abokai bakin teku a Legas lokacin hutun ƙarshen shekara, ruwa ya ja shi, sai da masunta suka fito da shi, kuma har yau abokan ba su zo sun ba mahaifiyarmu haƙuri ba, su da suka ce masa wurin ba zurfi. Ni ce na biya kuɗin asibiti, ni ce kuma na sha faɗa a gida kamar ni na tura shi. Ka gaya wa Hajiya gaskiya kafin ta ji a bakin wani.

Injiniya:
Hajiya, abin da ya ja ƙanenki sananne ne. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, sai ya sami wata siririyar hanya yana gudu zuwa ciki, kuma abin takaici wurin ne ya fi kama da wuri mai lafiya, domin igiya ba ta cika karyewa a kansa ba, sai dai ruwan ya fi duhu ko ya gurɓace da yashi. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga hanyar. Wannan ma yana cikin abin da zaman minti ashirin ke nuna wa mutum.

Ɗan Jos:
Ranka ya daɗe Injiniya, da girmamawa, ban yarda da wannan makarantar taka ba. Ni ɗan Jos ne, ban ga teku ba sai da na haura shekara ashirin da biyar, kuma a Busua ta ƙasar Gana na koya, a wata uku da wani aiki ya zaunar da ni can. Yaran da suka koya mini babu wanda ya san mita 225 a cikinsu. Shi kansa Italo da Auta ya ambata a kan murfin akwatin sanyaya kifin mahaifinsa ya fara, ba da agogo ba. Ido yana koyo ne idan jiki yana cikin ruwa, domin igiyar da kake gani daga tudu daban take da wadda kake gani kana kwance a kan allo, haɓarka kusa da ruwa, ba ka ganin komai sai wani duhu da ke kumbura a gabanka. Mutumin da ke da kwana biyu kacal a wata uku, ka ce ya zauna a yashi yana ƙirga? Shawarata ita ce ya ajiye allon na awa ɗaya, ya shiga inda ruwa ya kai ƙirji, ya riƙa bin igiya da jikinsa kawai, a nan zai ji lokacin da take ɗaga mutum. Kuma Auta, wane irin allo ka saya, kuma da wane lokaci kake shiga ruwa?

Autan Gwarinpa:
Na gode ƙwarai. Maman Ummi, ina iyo daidai gwargwado, kuma maganar Hajiya ina da dalilina, hawan jini gare ta. Allon kuwa gajere ne, ƙafa shida, lita 30 (ma'aunin girman jikin allo ke nan), irin wanda ƙwararru ke hawa, na same shi da sauƙi a hannun wani Bature da zai bar ƙasar. Nauyina kilo 84. Muna isa Tarkwa ne bayan azahar, saboda abokina ba ya tashi da wuri ranar Asabar, kuma shi ya san masu kwale-kwale. Amma ina ganin ba allon ne matsalar ba, idona ne.

Ɗan Jos:
To ai ga zancen ya fito, ɗan'uwa. Kilo 84 a kan lita 30, ko ka karanta igiya kamar Fatiha ba za ka kama ta ba, domin allon nutsewa yake a ƙarƙashinka, ba ka samun gudun da igiya za ta ɗauke ka da shi. Igiyoyin da ka ce suna wucewa ta ƙarƙashinka wataƙila zaɓinka daidai ne, allon ne ya ci amanarka. Ka hayi babban allo mai taushi, ƙafa takwas, wanda ya ninka naka girma, ka ga ko ba za ka kama goma a wuni ba. Ni ma na yi wannan kuskuren, wani mai koyarwa ya sayar mini da gajeren allo da ya tsage ta ƙasa ya shafe tsagar da kaki, na yi mako biyu ina zargin kaina kafin na lura allon ruwa yake sha, kuma da na koma masa cewa ya yi ni na fasa.

Injiniya:
Maganar allo tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ita ce kan gaba ba, kuma Ɗan Jos ya tsallake babban abin da yaron ya faɗa, wato bayan azahar. Da rana ƙasa ta fi teku zafi, sai iska ta riƙa busowa daga teku zuwa tudu, tana tura igiya ta baya tana ruguza ta kafin ta yi siffa. Da sassafe iskar kan kwanta, fuskar igiya ta yi sumul, a lokacin ne ake iya karanta ta. Gaɓar Legas kudu take kallo, saboda haka iskar hunturu da ke fitowa daga arewa maso gabas, wadda ke busar mana da leɓe a nan, ita ce ke riƙe igiya a tsaye a can, sai dai a watannin nan igiyoyin sun fi ƙanƙanta, manyan kuwa da damina suke zuwa tare da iskar da ke ɓata su. Ga kuma cikar teku da janyewarsa, sau biyu kowanne a yini, lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum, kuma ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Duk wannan yana iya duba shi a manhajar Windy ko Surfline yana kwance a Gwarinpa. A Tarkwa ma akwai ƙari, domin igiya na dukan katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa ta dawo ta haɗu da mai zuwa, tozon ya tashi tsini a kusa da katangar, kuma yaran wurin sun san daidai inda za su zauna. Ka zaɓi alama biyu a tudu, kamar bishiya da rufin da ke bayanta, ka riƙa daidaita kanka da su don kada ruwa ya gusar da kai ba ka sani ba. Wanda ya ce ilimi ba ya amfani a ruwa bai ga abin da na gani ba.

Malam na Kubwa:
Ni abin da ke ba ni haushi shi ne a ce duk faɗin Abuja mai son wasan ruwa ba shi da inda zai je sai tafkin Jabi, inda igiyar da za ka gani ita ce wadda kwale-kwale mai inji ya bari a bayansa. Na biya kuɗin shekara a wani wurin iyo don in ƙarfafa kafaɗuna, wata biyu ana cewa famfo ya lalace, ruwan ya koma kore, kuɗin kuma ba a mayar ba. Duk da haka, Auta, iyo sau uku a mako shi ne abin da za ka iya yi a nan, domin wanda numfashinsa ya ƙare ba ya kallon igiya, ta kansa yake yi.

Autan Gwarinpa:
Ina godiya ga kowa, kuma na rubuta lissafin Injiniya a littafi. Sai dai ba zan iya komawa babban allo ba, domin na riga na wuce matakin kumfa, kuma idan na saba da mai taushi sai na sake koyon komai ranar da na dawo kan nawa, ga kuɗin haya a kan kuɗin jirgi. Zuwa da sassafe ma da wuya, sai dai in kwana a tsibirin, abin da abokina ba zai yarda da shi ba, ni kuma ba na son in ɓata masa tunda shi ke ajiye mini allo. Abin da nake nema shi ne yadda zan horar da idona daga nan. Idan na riƙa kallon bidiyon gasa ina tsayar da shi kafin igiya ta karye, ina cankar ko dama za ta yi ko hagu, zai taimaka?

Injiniya:
Zai taimaka matuƙa, amma ka sani dama da hagu ana lissafa su ne daga wajen mai hawa yana fuskantar gaɓa, saboda haka abin da kyamarar tudu ta nuna maka a hagu, dama ce.

Ɗan Jos:
Ba zai taimaka ba, domin igiyoyin gasa zaɓaɓɓu ne, kuma daga sama ake ɗaukarsu. Ka tambayi yaron nan ɗan shekara goma sha biyu a kan wane allo ya fara.

Maman Ummi:
Har yanzu ban gane "daidai gwargwado" ba, Auta. Mita nawa kake iya yi ba tare da ka tsaya ba?

Autan Gwarinpa:
Ban taɓa aunawa ba, Hajiya, amma ai akwai maɗauri tsakanin ƙafata da allon. Injiniya, a manhajar na ga lambobi biyu na tazara a rana ɗaya, sakan 7 da sakan 13, wanne zan bi a cikinsu?