Boeing 707 da tankar soja KC-135: jirgi ɗaya ne?

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Na sha jin ana cewa Boeing 707 ba komai ba ne illa tankar soja ta KC-135 (jirgin da ke ba wasu jirage mai a sama) da aka sa wa kujeru da tagogi. Idan haka ne, ke nan da kuɗin soja aka gina shi? Ina neman ƙarin haske daga masana.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam. Uwarsu ɗaya, amma kowanne da halittarsa. Duka biyun sun fito ne daga jirgin gwaji mai lamba 367-80, wanda ya fara tashi ranar 15 ga Yulin 1954, kuma kamfanin Boeing ne ya zuba dala miliyan 16 daga aljihunsa ya ƙera shi, tun babu wanda ya yi alkawarin saye. Abin da kamfanin ya hango shi ne, tankar KC-97 mai farfela ba ta da saurin da za ta jera da jiragen yaƙi masu injin jet irin su B-47 da B-52, har sai matuƙi ya rage gudu ya kuma sauko ƙasa-ƙasa kafin ya sha mai a sama. Rundunar sojin saman Amurka ta ga amfanin sabon jirgin, KC-135 kuma ta fara tashi a 1956.

Inda suka rabu shi ne faɗin gangar jiki. Na gwajin inci 132 ne, na tankar aka ƙara zuwa 144, sai ga kamfanin Douglas, abokin gasar Boeing, ya fito da DC-8 mai ɗaukar kujeru shida a jere. Da kamfanin jigilar fasinja na Pan Am ya ba da oda a Oktoban 1955, DC-8 guda 25 ya nema, 707 kuwa 20 kawai. Dole Boeing ya faɗaɗa 707 zuwa inci 148, abin da ya hana shi amfani da yawancin kayan ƙirar gangar tankar.

Hajiya Rabi:
Injiniya, bayaninka daidai ne, sai dai a ganina ka rage wa soja alhakinsu. Tanka sama da 700 suka saya, kuma a masana'anta ɗaya ta garin Renton a Amurka aka riƙa harhaɗa jiragen biyu. Wannan cinikin ne ya ba Boeing ƙwarewa da kuɗin shiga a lokacin da Douglas ke ɗauke da nauyin DC-8 shi kaɗai.

Malam Sani:
Na gode. To ina Ingila a wannan tsere, tunda Comet ɗinta mai injin jet ta fara jigilar fasinja tun 1952?

Injiniya Bala:
Haɗurran da Comet ta yi a 1954 ne suka durƙusar da ita, bayan bincike ya nuna gangar jikin na tsagewa saboda gajiyar ƙarfe. Comet 4 da aka gyara ta riga 707 tsallaka Tekun Atlantika da fasinja a Oktoban 1958 da makonni uku kacal, amma ƙarama ce, kuma manyan kamfanoni sun riga sun kai odarsu Amurka.