Kiɗan gem da katun ko waƙoƙin yayi: wanne ya fi?

Mai Kunne: Jama'a, ina nan a kan bakana: kiɗan gem da na katun ya fi waƙoƙin yayi ƙarko. Waƙar yayi in ta yi wata uku ana jin ta, ta yi ƙoƙari. Amma ku dubi karin da Koji Kondo ya tsara wa Super Mario Bros. a 1985. A 2023 Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka ya saka shi cikin sautukan da ake adanawa don tarihi, kuma shi ne kiɗan gem na farko da ya shiga.

Anti Malama: Ƙanena, ba kiɗan ne ya kama ka ba, ƙuruciyarka kake tunawa. Abin da yaro ya ji sau dubu dole ya zauna masa a kai. Kunna wa wanda bai taɓa buga gem ɗin ba, ka ga ko zai kai ƙarshe.

Mai Kunne: Anti, ai kin faɗa da bakinki: sau dubu! Wace waƙar yayi za ki ji sau dubu ba ta gundure ki ba? Na'urar NES, wadda ake buga gem ɗin Mario a kanta, hanyoyin sauti biyar kacal gare ta, ɗaya daga ciki ma ƙara ce kawai da ake mayarwa ganga. Ba murya, ba baiti, ba kyan fuskar mawaƙi. In karin bai yi daɗi ba, babu abin da zai rufa masa asiri.

Makaɗi: Bari in sa baki, tunda haɗa sauti ne sana'ata. Akwai abin da masu kiɗan gem ke yi wanda har yau yake burge ni. Mai waƙa ya san inda waƙarsa za ta fara da inda za ta tsaya. Mai kiɗan gem bai sani ba, domin ɗan wasa na iya yin minti biyu a wuri, yana iya yin awa. Shi ya sa ake tsara kiɗan hawa-hawa: kana yawo, sauti mai laushi ne, maƙiyi ya ɓullo, ganguna su shigo a kan wannan karin, ka tsira, su janye, kai ba ka ji inda aka yi ɗinkin ba. Wannan aiki ne babba. Sai dai Malam Mai Kunne, kada ka raina mai waƙar yayi. Dandalin sauraron waƙa na Spotify ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30. Ka riƙe baƙon kunne cikin wannan ɗan lokaci, babu hoto, babu labarin da zai taya ka, ba ƙaramin gwaninta ba ne.

Ɗan Gem: Anti, ga amsar ƙalubalenki. Baba Yetu, wadda Christopher Tin ya yi da harshen Swahili don gem ɗin Civilization IV a 2005, ta ci lambar yabon waƙa ta Grammy a 2011, lokacin ko rukunin kiɗan gem babu. Sai a 2023 aka buɗe shi. Kenan ba da 'yan gidansu ta kara ba.

Anti Malama: Wannan na karɓa. Amma ita waƙa ce mai murya da amshi, wato ta shigo gonarmu. Kuma ku faɗa mini inda iyakar take. Waƙar katun ɗin Encanto ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka a 2022. Waƙar Idol ta mawaƙan Japan YOASOBI, wadda ke buɗe wani katun ɗin Japan, ta yi ta ɗaya a jadawalinsu na ƙasashen da ba Amurka ba a 2023. Waɗannan na katun ne ko na yayi? Waƙar buɗe anime, wato katun ɗin Japan, ma galibi mawaƙan kamfanonin waƙa ke yin ta, a yanka ta zuwa kimanin daƙiƙa 90, katun ya tallata waƙa, waƙa ta tallata katun.

Mai Kunne: To, na sassauta. Ba waƙar buɗewa nake nufi ba. Kiɗan da ke ƙarƙashin labari nake nufi, irin wanda Joe Hisaishi ke yi wa mai shirya katun na Japan, Hayao Miyazaki, tun 1984. Shi ke sa ni hawaye ba a furta ko kalma ɗaya ba.

Anti Malama: In haka ne da kiɗan fim za ka gwada shi. Ni kalma nake nema. Ranar da raina ya ɓaci, ina so in ji ɗan Adam ya faɗi abin da na kasa faɗa, kuma goge ko piyano ba su taɓa yi mini wannan ba.

Makaɗi: Anti, mu gwada. Zan turo guda huɗu yau da dare, duk marasa murya, ba zan faɗi inda kowanne ya fito ba. Ki saurara da abin kunne, kada ki yi da lasifikar waya, domin tana cinye sautin ƙasa.

Anti Malama: Turo. Amma Ɗan Gem kada ya raɗa mini amsa.