Wata 7 da musuluntata, Mama ta daina ɗaga wayata

Baƙon_Hanya:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Wata 7 ke nan da na karɓi kalmar shahada, ba wanda ya tilasta ni kuma ba don aure ba ne, na fi shekara 2 ina bincike ni kaɗai kafin na yanke hukunci. Satin farko kowa rungume ni yake a masallaci ana ta kabbara, yanzu kuwa shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Abin da ya fi ci min rai Mama ce, tun ranar da ta ga dadduma a ɗakina ta daina ɗaga wayata, in na tura saƙo sai in ga ta karanta amma ko uffan. Wlh ban yi nadama ba, amma wani lokacin in na idar da asuba waƙoƙin cocin da take rera mana muna yara sai su riƙa yawo a kaina har hawaye. Raunin imani ne wannan?

Maman_Biyu:
Ba rauni ba ne ƙanena, kewar uwa ce. Sa'ad bin Abi Waƙƙas da ya musulunta mahaifiyarsa rantsuwa ta yi ba ci ba sha sai ya koma, kuma bai koma ba. Duba Luƙman aya ta 15, an ce kar a bi iyaye a shirka amma a zauna da su da kyautatawa. Asma'u 'yar Abubakar ma da uwarta ta zo wajenta tana kan addininta na da, Annabi (SAW) cewa ya yi ta sada zumuncinta.

Tsohon_Tuba:
Ni shekarata 11 da shiga, ka ji daga bakin wanda ya yi kuskuren. Zafin sabon shiga ya kwashe ni, kullum na je gida sai wa'azi, har gicciyen da ke falo na sauke, babana ya yi shekara 4 bai min magana ba kuma in na tuna yanzu ni ne mara gaskiya a nan. Jinyarsa ce ta shirya mu, ni nake kwana a gefen gadonsa, ba aya ɗaya da na karanta masa. Mamanka a ganinta ita ka bari, ba coci ba. Ka ci gaba da tura mata gaisuwa ko ba amsa, kuma sunan da ta raɗa maka in ma'anarsa ba aibu ka bar shi, canzawa ba dole ba ne.

Abu_Sumayya:
Maganar shirun masallaci kam laifinmu ne gaskiya, kabbara muka iya, bibiya babu. Ka samu malami ɗaya mai haƙuri ka liƙe masa.

Baƙon_Hanya:
Na gode sosai. Kash, sunan na riga na canza a Facebook tun watan farko, kuma Mama tana cikin frens ɗina. Bari in mayar da shi daren nan.