Neman kalma: wa muke nufi da "mai ɗaukar aiki"?

1/ Jama'a, ku taya ni warware wani ƙulli. A kamfani ba mutum ɗaya ke ɗaukar ma'aikaci ba, kuma Turanci ya ba kowa sunansa: "hiring manager", "recruiter", "headhunter". Mu kuwa duk mun tattara su a "mai ɗaukar aiki". Shi ya sa za ka ga matashi ya yi ta zarya wurin wanda kawai ya karɓi takardunsa, alhali wuƙa da nama suna hannun wani dabam.

2/ HR dai an gama da shi: sashen kula da ma'aikata. Su ke tsara albashi, su ba da takardar kama aiki, su buɗe wa sabo fayil. A bar shi haka.

3/ Na farkon, wato "hiring manager", wani ya kawo "manajan ɗaukar aiki". Ban yarda ba, domin ya yi kama da muƙami na dindindin, alhali ba ofis ba ne. A ce akanta ya ajiye aiki. Shugaban sashen kuɗi shi zai ce ana buƙatar wani, shi zai faɗi irin ƙwarewar da yake so, ya zauna a intabiyu, kuma galibi wanda ya nuna shi za a ɗauka, tunda a ƙarƙashinsa zai yi aiki. Da an cike wurin, sunan ya sauka daga kansa.

Shawarata: mai gurbi. Dama muna cewa "guraben aiki", kuma kalmar ta hau namiji ta hau mace. An ce "ubangida", amma wannan sai bayan an ɗauke ka.

4/ "Recruiter" ne ya fi ba ni wahala. Shi ke tallata gurbin, a jarida ko a shafukan intanet irin su LinkedIn da Jobberman, ya tace takardu, ya buga wayar farko, sannan ya miƙa wa mai gurbi 'yan kaɗan. Yana iya jefar da takardarka, amma ba kasafai yake iya ba ka aikin ba.

Da yawa sun ce "dillalin aiki". A baki ya fi kowanne daɗi, kuma ya dace da masu kamfani mai zaman kansa da ke nemo wa wasu ma'aikata. Tsorona la'ada. Duk wanda ya ji dillali ya san za a sa hannu a aljihu. A wannan sana'a kuwa kamfanin da ke neman mutum ne ke biya. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kada kamfanonin da ke nemo wa wasu ma'aikata su caji mai neman aiki. Ga shi a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilan Najeriya ya zauna binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya. A ƙasar da ake fama da wannan, bai kamata mu raɗa sunan da zai sa karɓar kuɗi ya zama kamar hakki ba.

"Mai tantancewa" ya ɗauki rabin aikin ne kawai. Don haka na tsaya a kan mai nemo ma'aikata. Ya ɗan yi tsawo, na sani. A kula dai, "nemo" ne, kada a rikita shi da mai neman aiki.

5/ "Headhunter" kuwa, an ce "mafarauci". Ni na fi son abin da 'yan jaridar wasanni suka riga suka koya mana, inda suke cewa ƙungiya kaza tana zawarcin ɗan wasa kaza. Aikin ke nan: mutum yana zaune a kujerarsa, bai nemi komai ba, a zo a lallaɓa shi ya sauya sheƙa, yawanci don babban muƙami. Mai zawarcin ƙwararru. Wanda zai yi dariya ya yi, amma ba wanda zai kasa gane shi.

6/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da Faransanci ya ba ku "recruteur", me kuke ce masa idan kun juya harshe? In akwai wanda ya fi "mai nemo ma'aikata" gajarta, a kawo.