Yaya manhajata za ta gane ko MySQL yana aiki?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Ina rubuta manhajar lissafin kaya da harshen C# domin wani shagon magani kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato, kuma tana adana bayananta a rumbun bayanai na MySQL a kan kwamfuta ɗaya. Idan aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu, sau da yawa mai shago yakan buɗe manhajar kafin rumbun bayanan ya tashi, sai ta tsaya cak. Ina so ta riƙa dubawa da kanta ko mysqld.exe, wato shirin da ke tafiyar da MySQL, yana gudana. Malamai, wace hanya ce ta fi dacewa?

Malamin Arkilla:
Wa alaikumus salam. Ka kira Process.GetProcessesByName("mysqld") da ke cikin System.Diagnostics. Zai dawo maka da jeri, idan jerin babu komai to shirin bai tashi ba. Kada ka haɗa da .exe a sunan, domin idan ka haɗa ba zai sami komai ba ko da shirin yana aiki. Wannan jerin shi ne kusan abin da kake gani a Task Manager.

'Yar Runjin Sambo:
Malam ya faɗi daidai, amma ni a ganina amsar ba za ta warkar da ciwon ba. Ganin sunan shiri a jeri bai nuna cewa ya shirya karɓar aiki ba. Bayan mutuwar kwamfuta ba zato, InnoDB, sashen MySQL mai kula da adana bayanai, yakan fara gyaran bayanan da suka katse, kuma a tsawon wannan lokaci mysqld yana nan a jeri alhali bai fara amsa kowa ba. Wato daidai lokacin da kake fama da shi ke nan binciken suna zai yaudare ka. Abin da ya fi shi ne manhajar ta gwada haɗuwa da rumbun ta tasha mai lamba 3306, ƙofar da MySQL ya saba karɓar haɗuwa ta ita, idan ta gaza ta jira daƙiƙa kaɗan ta sake gwadawa, tana nuna wa mai shago saƙo da Hausa cewa ya ɗan dakata.

Malamin Arkilla:
Na yarda da Malama. Ƙanena, ka kuma girka MySQL a matsayin sabis na Windows (shiri mai gudana a bayan fage) mai tashi da kansa, sannan idan haɗuwar ta ci gaba da ƙi, ka tambayi ServiceController, kayan aikin C# mai duba sabis na Windows, halin da sabis ɗin yake ciki, domin ka bambance wanda yake kan tashi da wanda ya tsaya gaba ɗaya.