Neman kalma: me za mu kira "domestique" a tseren keke?

Ummi Mai Shiri: Salamu alaikum malamai. Gobe da hantsi zan naɗi shirin wasanni a kan ƙungiyar tseren keke ta Afirka ta Kudu, wadda Douglas Ryder ya jagoranta, aka fi saninta da MTN-Qhubeka, ta koma Dimension Data a 2016, ta rushe a ƙarshen 2021 saboda rashin mai ɗaukar nauyi. Kalma ɗaya ta tsaya mini, "domestique". Ɗan tsere ne da ba don kansa yake gudu ba. Shi ke tare wa gwanin ƙungiya iska, ya koma wajen mota ya ɗebo ruwa, in keken gwani ya lalace ya miƙa masa nasa. Mataimaki na rubuta, amma ba ta yi mini ba.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Ɗan rakiya mana.

Ɗan Damagaram: Kalmar Faransanci ce, mu nan ma'anarta boyi, yaron gida. Ki ce bara kawai, abin da masu ita suke nufi ke nan.

Ummi Mai Shiri: Yaya, bara ta yi nauyi. A 2016 Mark Cavendish ya ci zango 4 a Tour de France, babban tseren keken Faransa, da rigar ƙungiyar nan, kuma su Mark Renshaw da Bernhard Eisel ne suke share masa hanya. Manyan 'yan tsere ne masu albashi. In na ce barorinsa, mai sauraro zai ɗauka wanki suke yi masa.

Malam Na-Zazzau: Kun bar gida kuna nema a dawa. Zagi. Wa ke tafiya gaban dokin sarki, yana buɗe hanya, yana riƙe da kayansa, ba shi ake kallo ba amma ba a hawa sai da shi? Zagin gwani, jam'i zagage. An gama.

Baban Walid: Malam, a rubuce fa "zagin gwani" ashar ne.

Malam Na-Zazzau: A rediyo za ta faɗa. Na ashar ana jan wasalinsa, na sarki ba a ja. Wanda kunnensa bai rarrabe wannan ba, ba laifin Hausa ba ne. Haka aka bar mu da "kwamfuta" alhali na'ura mai ƙwaƙwalwa na nan.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, keke ma ai ba a Zariya aka ƙera shi ba. Kuma zagi a ƙasa yake, sarki a bisa. Waɗannan duk a kan keke suke, nisa ɗaya suke ci.

Malam Na-Zazzau: Ku da kuke cewa "belo" ne za ku gyara mana?

Ɗan Damagaram: Ku kuma "basukur" daga bakin wa kuka ji ta?

Hajiya Ta Kantin Kwari: Oh ni, yarinya na neman kalma kun koma rabon gadon Turawa. Ummi, ni abin da na tuna da ƙungiyar nan shi ne yaron Eritiriya, Daniel Teklehaimanot, da ya sa rigar gwanin hawan dutse mai ɗigo-ɗigon ja a 2015, shekarar da suka fara shiga Tour. A tseren ne kuma Steve Cummings ya ci zango ranar 18 ga Yuli, ranar Mandela. Kada ki bar wannan.

Ummi Mai Shiri: Suna ciki Hajiya, har da Nic Dlamini, wanda ya faɗi a zangon garin Tignes a Tour na 2021, ya ƙi shiga mota, ya ƙarasa shi kaɗai bayan lokaci ya ƙare. To ga matsalata da zagi, Malam. A keke matsayin yana juyawa. Wanda ya ɗauki ruwa yau, gobe ana iya sakar masa mara ya nemi nasara. Zagi kuwa ba ya wayar gari a kan sirdi.

Malam Na-Zazzau: Aron kalma ake yi, 'yata, ba a aro da dukan kayanta. Kin ce "zango", akwai fatake a Faransa ne? Taron masu tseren ma ayari za ki ce.

Baban Walid: Nan kam Malam ya kama mu. Ayari ta zauna.

Ɗan Damagaram: Ayari na yarda. Zagi, sai dai in an ɗora mini.

Ummi Mai Shiri: Na gode. Zan ce ɗan hidimar ƙungiya a farko tare da bayani, in ƙara da cewa tamkar zagin sarki ne. In masu kira suka ɗauka, mako mai zuwa sai in bar zagi ita kaɗai.

Malam Na-Zazzau: Kalma uku a inda ɗaya ta isa. To, shirinki ne. Kada dai ki ja wasalin.